Ziyara a Kelle: Firgitar da Ke Kama Mutum Babu Mai Korar Sa

Wanda ya tashi daga Damagaram za shi Kelle, gabas zai nufa. Zai bi babbar hanyar kwalta wadda ta tafi Diffa. Zai wuce Mirya da lambunanta. Zai wuce Gidimuni mai tabki da dabino, ya wuce Gidigir. Bayan tafiyar fiye da kilomita 160 sai ya sauka Gure, tsohon garin sarakunan Muniyo. Daga Gure sai a bar hanyar Diffa, a juya arewa.

Tun daga nan ƙasa take sake kama. Manyan itatuwa suna raguwa. Sai aduwa, da ƙandili, da magarya, da anza. Rairayi ya yi yawa, ƙarangiya tana kama ƙafar wando. Can gaba sai duwatsu su bayyana, masu shimfiɗaɗɗen kai. Waɗannan su ne duwatsun Kutus. Kelle tana wajensu. Ita ce babban garin ƙasar Kutus, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram.

Asalin mutanen ƙasar Dagirawa ne, wani reshe na Barebari. Akwai Hausawa tare da su. Fulani da Buzaye da Tubawa suna zuwa da bisashensu, su sha ruwa, su ci kasuwa. Ana noman hatsi da wake. Ana kiwon awaki da tumaki da shanu da raƙuma. Ruwan sama kaɗan ne. In aka ƙara yin arewa, gonaki sun ƙare, sai dajin kiwo.

Tsoro mai dalili

Mutanen Kutus sun san tsoro, sun kuma san amfaninsa. A zamanin da, mahara sukan fito su kwashe dabbobi da mutane. Duwatsu su ne mafaka. Wanda ya fara hango ƙura daga nesa ya yi kururuwa, shi ne ya ceci gari.

Bayan an daina hari, fari bai daina ba. Tsofaffi suna tuna farin 1973 da 1974, lokacin da garkuna suka ƙare. Suna tuna yunwar 1984, wadda Hausawan Nijar suka sa wa suna El Buhari. Matasa ma sun ga fara a 2004 da ƙarancin abinci a 2005 da 2010. Tun daga 2015 kuma labarin tashin hankali yake zuwa daga gabas, daga jihar Diffa. Ga samari da suka tafi Libiya, ko wajen zinariyar Jado da aka gano a 2014. Iyaye da mata suna gida suna jiran waya.

Duk wannan tsoro ne mai dalili. Manomi ya dubi sama ya ga babu hadari, gabansa ya faɗi. Makiyayi ya ga sawun dila kusa da ƴan awaki, ya zabura. Kowa ya san abin da ake tsoro. In abin ya wuce, hankali ya kwanta.

Amma akwai wani iri. Shi wannan yakan faɗo wa mutum yana zaune lafiya. Babu mahari, babu maciji, babu mugun labari. Ana samun sa a Kelle kamar yadda ake samun sa a Yamai da Kano da ƙasashen Turawa. Mutane ba su cika maganarsa ba, saboda kunya. Likitoci kuwa sun san shi sarai. Ciwo ne, sunansa ciwon firgita.

A bakin rijiya

A ɗauki misalin wani makiyayi na ƙasar Kutus. Shekarunsa kamar 30. Yana da mata da ƴaƴa uku, da ɗan garken awaki da shanu biyar. Rijiyoyin wannan ƙasa suna da zurfi. Sai an ɗaura igiya ga jaki ko raƙumi ya ja wasaki. Aiki ne na ƙarfi, ga layi, ga cunkoson bisashe.

Wata safiya da bazara ya iso rijiya. Kwana uku bai yi barcin kirki ba, domin saniyarsa ɗaya ba ta da lafiya. Bai karya kumallo ba. Shayi kawai ya sha, kofi uku masu ɗaci, ya bi da goro. Yana tsaye yana jiran layinsa, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Zuciyarsa ta kama bugawa kamar ganga. Gumi ya keto masa. Maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya ƙi isa. Hannuwansa suka yi sanyi, yatsu suna tsiyaya kamar kiyashi na bin su. Ƙasa ta fara juya masa. Ya tabbata ajali ne ya zo. Ya zauna daɓas, yana kalmar shahada.

Mutane suka taru a kansa. Wani ya yayyafa masa ruwa. Wani ya ruga kiran wansa. Kafin wan ya iso, abin ya fara sauka. Kafin rabin awa ya tafi gaba ɗaya. Sai gajiya kawai, kamar wanda ya yi tseren gudu.

Nan take aka fara fassara. Wani ya ce iskar rijiya ce. Wani ya ce sammu ne, an yi masa hassadar shanu. Wata tsohuwa ta ce maye ne ya kama kurwarsa. Shi dai bai ce komai ba. Abu ɗaya ke ransa: kada abin nan ya sake dawowa.

Darasi daga jimina

Domin a gane abin da ya sami mutumin nan, sai a leƙa wani wuri kusa da garin Kelle. Akwai wani fili da aka kewaye da waya, inda ake kiwon jimina mai jan wuya. A da irin wannan jimina tana yawo cikin dazuzzukan Nijar. Farauta da fari suka ƙarar da ita a daji. Wata ƙungiyar mutanen Kutus mai suna CERNK, tare da ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatan gandun daji, suka kama kiwonta a Kelle, domin ta yi yawa a maida ita daji.

Jimina ita ce mafi girma cikin tsuntsaye. Ba ta tashi sama, amma gudunta yana kai kilomita 70 cikin awa guda. Idonta babba ne, tana hango abu tun daga nesa. Da ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta zabura. Wannan zabura ita ce ke tsirar da ita a daji. Amma masu kiwon jimina ko'ina sun san wani abu. Ko cikin shinge, inda babu kura babu mafarauci, ƙara kaɗan takan sa ta zabura. Wani lokaci har ta bugi waya ta ji ciwo. Babu abin da ya kore ta. Jikinta ne ya ɗauka an kore ta.

Ɗan Adam ma an halicce shi da irin wannan shiri. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka ƙarama. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika wa tsokokin nan saƙo. Su kuma su zuba wani ruwa cikin jini, wanda likitoci ke kira adiranalin. Nan da nan zuciya ta ƙara sauri domin ta kai jini ga ƙafafu da hannuwa. Numfashi ya ƙaru. Gumi ya fito. Ciki ya murɗa. Jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan ne ke sa mutum ya tsallake kububuwa tun kafin ya yi tunani.

A ciwon firgita, wannan shiri ne ke tashi babu haɗari. Kamar mai tsaron gari ne ya yi kururuwa, alhali ƙurar da ya hango ta guguwa ce.

Sai kuma abin ya ciyar da kansa. Mutum ya ji zuciyarsa na bugawa, ya ce mutuwa ce. Wannan tunani ya ƙara tsoro. Tsoro ya ƙara adiranalin. Zuciya ta ƙara gudu. Ga kuma haki. Mai haki da sauri yana fitar da wata iska wadda jini ke bukatar kaɗan daga cikinta. In ta ragu sosai, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi tsiyaya, wani lokaci hannu ya ƙage. Mutum ya ji haka, ya ƙara firgita.

Amma jiki ba ya iya daɗewa a haka. Yawanci abin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 10, sa'an nan ya fara sauka da kansa. Firgitar ita kanta ba ta kisa. Ba ta tsayar da zuciya. Ba ta maida mutum mahaukaci. Kuma ta bambanta da farfaɗiya. Mai farfaɗiya yakan faɗi, hankalinsa ya gushe, ya tashi bai san abin da ya faru ba. Mai firgita kuwa yawanci yana sane da kome, yana jin maganar mutane.

Yadda ciwon ke cinye dukiya da zumunci

Mutane da yawa sukan gamu da irin wannan firgita sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarsu, ta wuce ba ta dawo ba. Tana zama ciwo ne in ta riƙa dawowa, mutum ya zauna cikin zullumin dawowarta wata guda ko fiye, har ya canja yadda yake rayuwa.

Haka ya faru ga makiyayin nan. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya daina zuwa rijiyar. Ya cire babban ɗansa daga lakwal domin ya riƙa kai bisashe ruwa. Ya sayar da akuya biyu ya biya masu magani. An ba shi turare, an ba shi saiwa, an ba shi laya. Ya ji sauƙi kwana goma.

Sai abin ya same shi a tsakiyar kasuwa. Ya daina zuwa kasuwa. Ya koma aika wani ya sayar masa da dabba, kuɗin da aka kawo masa shi ke nan. Ran Juma'a ya koma tsayawa sahun ƙarshe, kusa da hanya, domin ya samu wurin gudu. Aka yi suna a gidan abokinsa, bai je ba. Mutane suka fara cewa ya yi girman kai. Waɗansu suka ce ya taɓu. Kowace rana duniyarsa tana ƙara ƙanƙancewa, har ta koma iyakar zauren gidansa.

Nan ne babbar asarar take. Firgitar minti 10 ce, amma gudunta ya ci wata biyar, ya ci awaki, ya ci karatun yaro. Kuma duk lokacin da mutum ya guje wa wuri, zuciyarsa tana ƙara yarda cewa wurin ne mugu. Gudun yana ba da sauƙi yau, ya ƙara wa ciwon ƙarfi gobe.

Mata sun fi maza kamuwa da shi, wajen ninki biyu. Akwai macen da mijinta ya tafi ci-rani, shekara biyu babu aike. Takan farka tsakar dare zuciya na dukan uku-uku, ta ɗauka wani abu ne ya danne ta. Ba ta faɗa wa kowa, kada a ce tana da iska. Akwai budurwar da iyayenta ke ɓoye ta, kada maganar ta ɓata mata aure. Ciwon yakan fara ne tun ana samari da ƴanmata, ko a farkon shekarun aure.

Ba a Kutus kaɗai ake fama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba iri-iri, har da na firgita. Wato kamar mutum 4 cikin kowane 100. Ta kuma ce kamar mutum 1 cikin 4 ne kawai ke samun magani. Tun 1980 likitocin Amurka suka ware ciwon firgita, suka ba shi suna nasa daban. Daga lokacin an yi bincike mai yawa, an kuma gane abin da ke warkar da shi.

A gidan likita

Wan makiyayin ne ya gaji da gani. Wata rana ya shigo zaure ya ce:

"Ƙanena, tashi mu je likita."

"Yaya, wannan ba ciwon likita ba ne."

"To, mun gwada na gida, awaki sun tafi. Mu gwada wannan. In ba nasu ba ne, ai za su faɗa mana."

Suka tafi tare. Majo, wato shugaban gidan likita, ya ba su wurin zama. Ya saurari labarin tun daga rijiya har kasuwa. Ya auna ƙarfin jininsa. Ya saurari zuciyarsa da huhunsa. Ya ja fatar idonsa ya duba ko jini ya yi ƙaranci. Ya shafa wuyansa. Ya ɗibi ɗigon jini a yatsa domin awon zazzaɓin cizon sauro.

Wannan awo wajibi ne, domin akwai cututtukan da ke kama da firgita. Ƙarancin jini yana sa bugun zuciya da haki, musamman ga mai ciki da mai jego. Wani irin ciwon maƙoƙo yana sa rawar jiki da gumi da rama. Asma tana toshe numfashi. Yunwa tana sa jiri da kyarma. Akwai kuma ciwon zuciya na gaskiya. Kowanne da maganinsa daban. Saboda haka kada mutum ya yanke wa kansa hukunci a gida.

Da ya gama, majo ya tambaye shi:

"Malam, kofi nawa na shayi kake sha a yini?"

"Yakan kai tara, ranka ya daɗe."

"Goro fa?"

"Ba ya rabuwa da bakina."

"Kana shan ƙwayar ƙarfi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yakan sha tramol in aikin rijiya ya yi yawa.

Majo ya ce: "Malam, zuciyarka lafiya lau take. Abin da ke damun ka muna ganin irin sa. Ba kai ne na farko ba. Ba hauka ba ne, kuma ana warkewa."

Wannan magana kaɗai ta sauke masa rabin kaya. Wata biyar yana jiran mutuwa, yau an ce masa ciwon yana da suna.

Shayi mai ɗaci da goro da gahawa da lemun kwalba na ƙarin ƙarfi duk suna ɗauke da sinadari guda, mai suna kafeyin. Yana hana barci, yana sa zuciya sauri. Ga mai ciwon firgita, yawansa kamar zuba kananzir ne a wuta. Tramol da wiwi da taba ma suna tayar da ciwon. Rashin barci da zama da yunwa suna buɗe masa ƙofa. Yawan damuwa, da rashi, da ganin tashin hankali su ma suna jawo shi. Wani lokaci kuma yana bin dangi.

In ta taso, me za a yi?

Ga abin da ake koya wa mai ciwon. Abu ne da kowa zai iya, ba a sayen sa da kuɗi.

Na ɗaya, ya tsaya inda yake, ko ya zauna a inuwa kusa. Kada ya ruga gida.

Na biyu, ya faɗa wa kansa gaskiya: "Firgita ce. Na san ta. Ta zo a baya ta wuce. Yanzu ma za ta wuce."

Na uku, ya rage saurin numfashi. Ya ɗora hannu a ciki. Ya ja iska ta hanci a hankali yana ƙirga 4, har ciki ya taso. Ya sake ta sannu-sannu ta baki yana ƙirga 6. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Ya yi ta yi har jiki ya lafa. Wanda ya saba da carbi yana iya jan sa a hankali, kowane ɗa da numfashi guda.

Na huɗu, ya maida hankalinsa waje. Ya ƙirga awakin da ke gabansa. Ya taɓa rairayi ya ji ɗuminsa. Ya saurari kukan jaki da ƙarar guga.

Na biyar, in ta wuce, ya ci gaba da abin da ya zo yi, ko da kaɗan ne.

Wannan numfashi sai an koye shi tun ana lafiya, safe da yamma, minti 5. Ba a fara saƙa igiya ranar da guga ya faɗa rijiya.

Na kusa da shi ma suna da aiki. Kada a taru a kansa ana salati da kuka, domin hakan yana tabbatar masa cewa mutuwa ce. Mutum ɗaya ya isa. Ya zauna kusa, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, ya yi numfashin tare da shi. Kada a turara masa hayaƙi a fuska, kada a ɗura masa wani abu a baki. Kada a yi masa dariya, kada a ce ragwanci ne. Jarumin da ya kwana daji shi kaɗai da garke ma tana kama shi.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. In ciwon ƙirji ne mai danna kamar dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko yana zuwa lokacin aiki mai nauyi. In mutum ya suma. In da zazzaɓi mai zafi. In gefen jiki ya mutu ko baki ya karkace. In mace mai ciki ce. In dattijo ne kuma wannan ne karo na farko. Duk waɗannan a kai su likita nan take. Haka nan wanda baƙin ciki ya rufe har yana tunanin ya gaji da rayuwa, a faɗa wa majo a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Maganar ƙwaya

Babban maganin ciwon firgita shi ne bayani da koyo da komawa wuraren da aka gudu. Amma wani yakan bukaci ƙwaya. Akwai magungunan da likita ke rubutawa, ana sha kullum. Ba sa aiki rana ɗaya. Sai an yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu. Ana ci gaba da su watanni, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita.

A kiyayi masu tallan ƙwayoyi a kasuwa. Suna sayar da diyazefam da makamantansa, masu sa barci. Suna kwantar da jiki na ɗan lokaci, amma jiki yana sabawa da su. Bayan makonni mutum ba ya iya zama sai da su, in ya rasa kuma firgitar ta dawo fiye da da. An fita daga rami an faɗa rijiya.

In abin ya fi ƙarfin gidan likita na ƙauye, ana tura mutum asibitin gunduma a Gure. Daga can kuma akwai babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda ake da masu kula da irin waɗannan cututtuka. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri domin ƙananan ma'aikatan lafiya su iya kula da ciwon damuwa kusa da gida. A 2023 ta ƙara ciwon fargaba da firgita cikin shirin.

Addu'a da zuwa likita ba sa faɗa da juna. Mai ciwo ya roƙi Allah, ya nemi addu'ar malaminsa da iyayensa, ya kuma je a auna shi. Abin da za a guje wa shi ne mai cewa sai an kawo akuya bayan akuya, da mai cewa sai an doki mara lafiya ko an ɗaure shi, da mai nuna maƙwabciya ya ce ita ce mayya. Wannan yana raba zumunci, ciwo kuma yana nan.

Komawa rijiya

Majo ya tsara wa makiyayin hanya, mataki-mataki, kamar yadda ake horar da ɗan raƙumi. Ba a ɗora masa kaya duka rana ɗaya.

Makon farko ya rage shayi zuwa kofi biyu, bayan cin abinci. Ya rage goro. Tramol kuma majo ya nuna masa yadda zai rabu da ita sannu-sannu. Kowace safiya shi da wansa sukan taka har inda ake hango rijiyar. Su tsaya. Gabansa ya faɗi, ya yi numfashinsa, ya jira har faɗuwar ta ragu. Sa'an nan su koma. Sharaɗin shi ne kada a juya lokacin da tsoro ke kan ganiyarsa.

Mako na biyu suka isa bakin rijiya da yamma, lokacin da babu mutane. Mako na uku suka je da safe, cikin cunkoso. Ran nan firgitar ta taso masa sosai. Ya zauna a kan kwami, ya ɗora hannu a ciki, yana ƙirga. Wansa yana gefe, bai ce komai ba sai "Sannu, ƙanena, tana wucewa." Ta wuce. Ya tashi ya kama igiya ya shayar da shanunsa. Mako na huɗu ya je shi kaɗai.

Kasuwa ma haka aka bi da ita. Da farko bakin kasuwa, wajen masu icce. Daga baya tsakiya, wajen masu hatsi. A ƙarshe har turken awaki, inda ya yi cinikin bunsurunsa da bakinsa. Yaron ya koma lakwal.

Ba a ce firgitar ta tafi har abada ba. Takan leƙo shi jefi-jefi, musamman in ruwa ya yi jinkiri ko barci ya yi ƙaranci. Amma yanzu ya san ta. Yakan zauna, ya yi numfashi, ta wuce, ya tashi ya ci gaba da aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙauyukan Kutus da Muniyo da sauran ƙasar Damagaram akwai masu irin wannan ciwo da yawa, maza da mata, suna zaune cikin ɗaki suna jiran mutuwar da ba ta zo ba. Mai yiwuwa akwai ɗaya a gidan mai karatu, ko a gidan maƙwabci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta a zaure, a karanta a ajin yaƙi da jahilci, a karanta wa mata cikin gida. Wanda ya gane kansa cikin labarin nan ya nemi ɗan'uwan da ya yarda da shi, su tafi gidan likita tare, tun awaki suna nan.